Makarantar Manya a Gida Mai Ɗaki Huɗu

Cibiyar da nake gudanarwa gida ne na haya mai ɗaki huɗu da tsakar gida a wata unguwa ta cikin Kano, kuma waɗanda ke zuwa cikinta duk manya ne, ƙaraminsu yana da shekara 19, babbansu kuwa ya haura 40. Kowannensu an haife shi da lalurar da ta taƙaita bunƙasar ƙwaƙwalwarsa, ko kuma ya gamu da ita tun yana goye. Suna zuwa da ƙarfe takwas na safe, su koma gida bayan sallar la'asar, daga Litinin zuwa Alhamis. Ba a kwana a wurinmu kuma ba ma rubuta magani, amma duk da haka sai da na shafe kusan shekara ina yi wa maƙwabta bayani, domin da yawansu sun ɗauka gidan mahaukata aka buɗe musu a layi.

Ƙanena ne sanadin shigata wannan sana'a. Shawara ta kama shi a makon farko na haihuwarsa, aka yi ta shanya shi a hantsi ana ba shi jiƙe-jiƙe, kafin a kai shi asibiti ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Lokacin da mahaifiyarmu ta rasu ya dawo hannuna yana da shekara 26, ga gemu ga tsawo, amma bai taɓa yi wa kansa wanka ba, saboda tausayi ya sa Inna tana yi masa komai har ranar da ta kwanta ciwo. Ni a lokacin malamar firamare ce, sai na ɗauke shi kamar ɗan aji ɗaya, kuma cikin wata shida ya iya wanka, ya iya ninke shimfiɗarsa, ya iya zuba abinci ba tare da ya ɓarar ba. Abin da ya fi damuna shi ne tunanin cewa da an fara tun yana ɗan shekara goma, da nauyin da Inna ta ɗauka ya ragu ƙwarai.

Da na fara neman inda zan kai shi, sai na tarar babu. Makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki an fi saninta da kurame da makafi, makarantun kuɗi kuwa yara suke karɓa, asibitin Dawanau kuma na masu taɓin hankali ne, alhali mutanen da nake magana a kansu ba taɓin hankali ke damunsu ba. Akwai mai lalurar Down, wadda aka raɗa wa sunan likitan Ingila John Langdon Down da ya bayyana ta a 1866, kuma tana faruwa ne idan aka samu ƙari a rukuni na 21 na ƙwayoyin gado. Akwai wanda doguwar naƙuda ta hana iska isa ƙwaƙwalwarsa, akwai masu galahanga, akwai kuma wata da annobar sanƙarau ta 1996 ta same ta tana jaririya. A gari duk suna ɗaya ake ba su, a ce wawa ko dolo ko ɗan ruwa, amma a aji kowa da irin hanyar da yake ɗaukar karatu.

Aikinmu na yau da kullum shi ne gutsuttsura abin da kowa ke yi ba tare da tunani ba. Haɗa shayi, alal misali, mataki sama da goma ne idan aka ƙirga tun daga ɗauko kofi har zuwa juya shayin. Muna fara koyarwa ne daga mataki na ƙarshe: malami ya yi komai, ya bar wa ɗalibi juya shayin kawai, domin ya ga aikin ya kammala a hannunsa ya ji daɗi; idan wannan ya zauna, sai a bar masa zuba sukari da juyawa, a haka ake ja da baya har ya riƙe aikin gaba ɗaya. Alwala ce darasin da iyaye suka fi so, kuma ita ce ta fi sauƙin zama, tunda jerinta ba ya sauyawa kuma ana maimaita ta kullum. Na ga dattijon da ya zubar da hawaye ranar da ɗansa mai shekara 33 ya yi alwala cikakkiya ya bi sahu a masallacin unguwa.

Kuɗi ne darasi mafi wuya. Yawancin ɗalibaina ba sa karanta lamba, don haka da launi da fuska muke koyar da su: koriyar takarda mai hoton Murtala naira 20 ce, shuɗiyar da ake kira wazobiya naira 50, mai hoton Sardauna naira 200. Muna cikin haka Babban Bankin Najeriya ya sauya launin naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, sabuwar ɗari biyar ta fito koriya, aikin shekara biyu ya rikice mana cikin mako guda. Wani ɗalibina ya miƙa ta a shago a matsayin Murtala ya karɓi alawa ya tafi yana murna, mai shagon kuma bai kira shi ya ba shi canji ba. Ban je na yi faɗa ba, sai na zagaya masu shagunan layin ɗaya bayan ɗaya na roƙe su su zama abokan aikinmu, kuma yanzu duk ranar Laraba muna fita sayayya ta gaske da kuɗin gaske, domin wanda ya iya ƙirga takardun wasa a kan tabarma bai tabbata ya iya a gaban mai shago ba.

Wannan batu na ƙarshe na koye shi ne ta hanyar kuskure. A shekarata ta farko na rubuta wa wani gida rahoto cewa 'yarsu ta iya wanke-wanke, mahaifiyar ta zo ta ce, cikin ladabi, "Malama, a gida fa ko cokali ba ta taɓawa." Da na je gidan sai na ga dalili: mu a famfo muke yi a tsaye, su kuma a bahon roba a tsugune, kuma ga yarinyar waɗannan ayyuka biyu ne daban. Tun daga lokacin ba na cewa ɗalibi ya iya abu sai na gan shi ya yi a gidansu, da kayan gidansu, kuma na cire famfon na sayi baho da bokiti.

Akwai darasin da ba a son ambatonsa amma ba ni da ikon tsallake shi, wato kare mutuncin jiki. Mace mai shekara 25 da ke amsa wa kowa da "to" tana cikin haɗari, a waje da ma cikin gida. Muna koya musu wuraren da ba a taɓawa, da yadda ake cewa a'a da ƙarfi, da wanda za a gaya wa. Maza da mata ɗakunansu daban ne, kuma namiji ne ke kula da tsaftar maza. Haka nan duk wanda zan ɗauka aiki sai ya koyi yadda ake taimakon mai farfaɗiya, domin tana yawan zuwa tare da irin waɗannan lalurori: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, idan ta wuce minti biyar a nufi asibiti.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar ba ta tara dukiya. Malami ɗaya ba zai iya riƙe fiye da mutum huɗu ba, saboda haka albashi ke cinye mafi yawan abin da iyaye suka biya, sai haya da abincin rana. Janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ya fi komai girgiza mu, domin kuɗin adaidaita sahu na kai da komo ya zarce kuɗin makarantar a wasu gidaje, har mutum uku suka daina zuwa. Dole ta sa na soke zuwan ranar Asabar da muke yi a da, na kuma haɗa 'yan unguwa ɗaya a keke guda. Muna ƙulla gyaɗa da haɗa sabulun ruwa muna sayarwa, kuma kowa yana karɓar kasonsa a hannu ranar Alhamis, komai ƙanƙantarsa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, an kuma kafa hukumar ƙasa mai kula da su a 2020, amma a tarukan da nake halarta maganar ta fi karkata ga matakalar keken guragu da rubutun makafi, waɗanda masu buƙatarsu za su iya tashi su nema da bakinsu. Nawa ɗaliban ba sa iya riƙe makirfo.

Kusan duk uwar da ta kawo ɗanta, bayan an gama maganar kuɗi da lokaci, sai ta sassauta murya ta ce, "Malama, in na mutu wa zai riƙe shi?" Ba ni da amsar da zan ba ta, sai dai na sanya sharaɗi guda: duk Alhamis ɗin ƙarshen wata, wa ko ƙane ko matar wa, wato wanda riƙon zai koma hannunsa, shi zai zo ya wuni da mu maimakon uwar. Da farko suna zuwa ne a kan dole, su zauna a bakin ƙofa suna duba waya. A watan jiya wani magidanci ya miƙe zai taimaka wa ƙanensa sanya maɓallin riga, ƙanen ya ture hannunsa ya ce, "Yaya, bari," ya ɗauki kusan minti huɗu yana fama, mu duka muna jira, har ya sanya na ƙarshe.