Asabar: Kuro da Shiro

Yau ruwan sama ya hana ni fita. Bayan la'asar ƙanwata ta ajiye kwamfutarta a gabana. "Yaya, zauna ka kalli wannan. Zane ne, amma ba na yara ba ne." Fim ɗin Japan ne na 2006, Tekkonkinkreet, wanda Ba'amurke Michael Arias ya ba da umarni, daga littafin zanen Taiyo Matsumoto.

Marayu ne biyu, Kuro da Shiro, suna kwana cikin matacciyar mota a tsohuwar unguwar Takaramachi. Masu zanen sun zuba aiki a garin nan: allunan talla a kan allunan talla, wayoyin lantarki sun sarƙe, tsatsa ta ci komai. Wani baƙo da ake kira Maciji ya haɗa kai da 'yan daban yakuza don a share unguwar a gina wurin wasan yara. Wurin wasan yara fa, amma yaran da ke kwana a wurin su ne aka turo a kashe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsakanin yaran. Kuro ne babba, shi ke yawo da sandar ƙarfe, shi ke sato abin da za su ci. Shiro kuwa majina a hanci, ko tufafi sai Kuro ya sa masa. Ya shuka ƙwayar tuffa yana ta jiran ta tsiro. Kowa zai ce Kuro ne ke riƙe da Shiro. Sai da aka soki Shiro da takobi, 'yan sanda suka ɗauke shi don kare ransa, sannan aka ga gaskiya. Kuro ya zauce, har ya koma yawo da 'yartsana yana mata magana kamar Shiro ce. Wallahi a nan idona ya cika.

Mun yi gardama da ƙanwata har aka kira magariba. Ta ce 'yan sandan sun yi daidai, da sun bar yaron da ya mutu. Ban musa ba. Amma Kuro ma yaro ne, kuma ya bar Shiro ya tafi ne don yana tsoron kada a kashe shi. Me ya hana a samar musu mafaka su biyun tare?