Rigar dalma da bam ɗin nutiron

A shekarata ta farko a ɗakin ɗaukar hoton ƙirji na wani asibiti a nan Kano, na ɗauki rigar dalma tamkar laya. In na rataya ta, gani nake babu tururin da ya isa ya taɓa ni. Wata rana da azahar aka ɗauke wuta, marasa lafiya na kan benci suna fifita, sai na ce wa ogana cikin raha ko bam ɗin nukiliya aka jefo Kantin Kwari, ni dai ina da rigata. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, dalmarka ba ta san nutiron ba."

Maganar ta tsaya mini a rai, na koma karatu. Ashe kowane tururi da abin da ke tare shi. Dalma tana tare hasken injinmu, amma nutiron, wani ɗan ƙwayar da ke fitowa daga tsakiyar atam, ba shi da cajin lantarki, ratsa ta yake yi, ya ratsa ƙarfe. Abin da ke rage masa gudu shi ne mai haidurojin da yawa: ruwa, kankare, danshin ƙasa. Jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. A cikinmu yake sauke ƙarfinsa.

A kan wannan Samuel Cohen, wani masanin Amurka, ya gina tunaninsa a 1958. Bam ɗin nukiliya da aka saba, kusan rabin ƙarfinsa a fashewa yake tafiya, sulusi a zafi, tururin nan take bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Shi kuwa bam ɗin nutiron na Cohen an ƙera shi ƙarami, wajen kilotan ɗaya (na Hiroshima ya kai kimanin 15), amma aka ninka rabon tururin sau da yawa, don ya kashe sojojin Tarayyar Sobiyat a cikin tankokinsu idan suka kutso Yammacin Jamus. Da labarin ya fita a 1977, Turai ta ɗauki zanga-zanga. Shugaban Amurka Carter ya jingine aikin a 1978, magajinsa Reagan ya tashe shi a 1981, aka janye makaman bayan Yaƙin Cacar Baka. Faransa da Sin ma sun gwada nasu.

Ana ta cewa yana kashe mutane ya bar gidaje. Rabin gaskiya ce: kilotan ɗaya tan dubu ne na nakiya, unguwa guda zai shafe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne waɗanda ke ɗan nesa. Gire (ma'aunin tururin da jiki ya sha) 4 zuwa 5 a jiki duka na kashe rabin waɗanda ya sama in babu magani, kuma ba nan take ba. Amai da gudawa, sai mutum ya ji sauƙi kwana biyu har 'yan'uwa su fara barka, alhali ɓargo ya daina yin jini. Makonni ake yi ana jinyar. Mu da jaka ɗaya ta jini ke sa dangi zagaye gari, ina za mu kai dubbai?

Da na kai wa oga abin da na karanto, cewa kawai ya yi, "To, madalla. Kira na gaba, kuma ka koma bayan bango kafin ka danna."