Daga Millersburg zuwa Wheeling, a sawun kwanukan gilashi

Mun bar Columbus da sassafe muka nufi Millersburg, wani ɗan gari a jihar Ohio ta Amurka. Yankin mutanen Amish ne, wasu Kiristoci da ba sa tuƙa mota, don haka sau da yawa sai mun rage gudu muna bin bayan keken doki. Abokina ne ya matsa mu je, shi da ya haukace da tara wasu tsofaffin kwanukan gilashi da ake kira carnival glass.

A ɗan gidan tarihin gilashin garin na fara fahimtar haukan nasa. Kwano ne mai zanen ɗawisu, ka juya shi kaɗan sai launukan bakan gizo su bi jikinsa da gudu. Narkakken gilashi ake dannawa cikin mazubin ƙarfe mai zane, sannan a fesa masa ruwan gishirin ƙarfe tun da zafinsa. Abokina ya nuna min dabarar masu tara su: a ɗaga gindin kwano wajen haske, inda feshin bai taɓa ba, nan ake ganin ainihin launinsa. Mai ruwan goro shi ya fi yawa, shi ya fi araha.

Kamfanin Fenton ne ya fara fito da shi wajen 1908, don masu sha'awar gilashin ado mai tsada na kamfanin Tiffany da aljihunsu bai kai ba. John Fenton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya rabu da ɗan'uwansa ya kafa masana'anta a nan Millersburg, amma zuwa 1911 bashi ya durƙusar da ita. Ƙarancin kayanta ya sa yau suke tsada. Akwai tulun furanninta da ya haura dala 100,000 a gwanjo. Ni dai kuɗin ya yi min yawa, ko da yake duk wanda ya ga yadda iyayenmu mata ke ji da kwanukan jere ba zai yi dariya ba.

Washegari muka gangara Wheeling, bakin kogin Ohio, inda wata masana'antar irin wannan gilashi, Northwood, take a da. A wani shagon tsofaffin kaya mai shagon ta kifa min kwano mai zanen inabi, ga harafin N cikin da'ira, tambarin Northwood. Ta ce da yayinsa ya wuce bayan shekarun 1920, a filayen wasa, wato carnival, ake rabar da shi kyauta ga wanda ya ci gasa, daga nan sunan ya samo asali. Na taya, ta ƙi ragewa, abokina ya biya.