Lallen jaruma da aikina na farko a lokeshan

Ba takardar neman aiki ce ta shigar da ni harkar fim ba. Ina aji uku a Jami'ar Bayero lokacin SIWES, wato zaman koyon aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu, ya zo, abokan karatuna suka watsu gidajen rediyo da talabijin, ni kuwa na kafe sai fim. Na yi ta zarya ofisoshin 'yan fim na titin Gidan Zoo, kowa ya ce in bar lambar waya. Daga ƙarshe wani mai ɗaukar hoto ɗan unguwarmu ne ya ji mai yi musu kwantiniti, wato mai lura kada kaya ko yanayi su saɓa tsakanin ɗauka da ɗauka, ta tafi haihuwa, ya ce wa furodusa akwai wata ɗaliba mai natsuwa. Ya zo gida da kansa suka gaisa da Baba, aka ba ni izini.

Shiri ne mai dogon zango, irin wanda ake sakawa a YouTube duk mako. Tun da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, Arewa24 kuma ta zo a 2014 ta saba wa mutane da bin labari kashi-kashi, nan akalar Kannywood ta karkata. Wannan ya ƙara wa mai kwantiniti nauyi, domin ba a bin labari a jere wajen ɗauka. Idan an karɓi hayar gida, duk sin ɗin (wato fitowa a labarin) da ya faru a gidan za a tattara a ɗauka, na kashi na biyu da na kashi na tara, wani lokacin a wuni ɗaya. Ni ce zan riƙe wane mayafi ta yafa, da wane hannu ya ɗauki kofi, shayin ya kai ina, ƙofa a buɗe take ko a rufe. Wannan duk na iya shi cikin ikon Allah, ba shi ne ya sa nake rubutu ba.

A labarin, mijin jarumarmu ya rasu, tana cikin takaba. Mun ɗauki rabin farko na wani sin tana zaune a tabarma ana yi mata gaisuwa, hannunta fes, ba zobe ba komai. Aka tsaya na ɗan lokaci saboda ita da babban jarumin suna da wani aikin. Ranar da aka dawo, tana miƙo min hannu mu gaisa gabana ya faɗi. Ta je biki. Baƙin zane tun daga yatsu har kusa da gwiwar hannu, faratan kuma sun sha jan lalle sun yi jajir. Duk macen da ta taɓa ƙunshi ta san zanen zai koɗe cikin mako ɗaya ko biyu, amma na farce ba ya fita sai farcen ya tofo an yanke. Ga shi sin ɗin ranar ci gaban wancan ne kai tsaye, za ta tashi daga tabarmar ta miƙa wa surukarta kwanon ruwa, kyamara a kan hannun.

Na je wurin darakta ana saita fitila, na ce, "Yallabai, don Allah a duba hannun Anti, akwai lalle, kuma takaba take yi." Ko kallona bai yi sosai ba. Ya ce, "Ke ɗaliba, rana na tafiya. Wa zai tsaya kallon farce?" Na sake cewa ko a ɗauki sin ɗin kashi na tara yau tunda a can ta fita takaba, ko ta sa hannun cikin hijabi wata ta miƙa ruwan. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce tun kafin a yaye ni yake wannan sana'a. Na koma kujerata idona ya ciko, na rubuta a littafina cewa na sanar da darakta batun lalle ya ce a ci gaba, na sa kwanan wata da lokaci. Na kuma ɗauki hoton hannun da wayata.

Wa zai tsaya kallon farce? Edita ne ya fara tsayawa. Yana haɗa gaɓa biyun ya kira furodusa: mace ta tashi daga tabarma da hannu fes, ta isa bakin ƙofa da ƙunshin amare. Kuma ba batun hoto kaɗai ba ne. Kowace Bahaushiya ta san mai takaba ba ta ado wata huɗu da kwana goma, ba lalle ba kwalli ba turare. Masu kallo da ke bin kowane kashi suna sharhi a ƙasa ba za su bari ya wuce ba, ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da shirin zai bi ta hannunta. Dole aka sake ɗauka. Sabuwar hayar gida, man janareto, abincin ma'aikata, sallamar matan da suka zauna zaman makoki, ga jiran ranar da jarumar za ta samu sarari.

Abin da har yau yake ci min rai shi ne inda laifin ya fara sauka. Furodusa ya kira ni ofis ransa a ɓace, an gaya masa sabuwar yarinyar nan ce ba ta lura ba. Da baki kawai zan yi bayani, wallahi da tuni an sallame ni, don maganar ɗaliba ba ta da nauyi a gaban ta darakta. Na buɗe littafin na ajiye a gabansa, na nuna masa hoton da lokacinsa a jiki. Ya karanta, ya yi shiru, sannan ya ce, "Je ki, Allah ya yi miki albarka." Daraktan kuwa bai taɓa ce min komai a kai ba, ko a ranar da aka sake ɗaukar sin ɗin.

Don haka ɗalibin da ya tambaye ni yanzu, ba na fara masa da batun kyamara. Ina cewa ya rubuta komai, har abin da ya faɗa aka ƙi ji, da wanda ya faɗa wa. Ya ɗauki hoton hannu da ƙafa da fuska a ƙarshen kowane sin, ba kaya kaɗai ba, domin aski da gemu da kitso su ma suna canzawa idan aka yi hutu. Idan an san za a dakata, ya roƙi furodusa ya gaya wa jarumai abin da ba za su taɓa a jikinsu ba, don daga bakinsa za su ji, daga bakin ɗalibi ba za su ji ba. Matsala babba kuma ya tura wa furodusa a WhatsApp a ranar, kada ta tsaya tsakaninsa da darakta. Batun sallama ma ya yi shi tun kafin a fita, da ladabi amma a fili, saboda kalmar "za mu ga abin da ya samu" ba ta biyan kuɗin adaidaita sahu.

Editan nan ne ya ba wani kamfani lambata bayan na koma makaranta. Da suka kira, na ce zan zo ranakun da ba ni da lacca, da sharaɗin a ba ni jadawalin ɗauka da labarin gaba ɗaya kafin ranar farko. Suka turo min a daren.