Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Mashin Ɗin Da Ya Ƙi Kwanar Hagu

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya a inda Baba ya damƙa ni hannun Oga a garejinsa na gyaran mashin da ke Tudun Wadar Zariya, to lokacin aikina bai wuce wanke noti da fetur da miƙo sifana ba, sai kuma aike siyo koko da ƙosai.

Wata ranar sai ga wani dattijo ɗan acaba daga Gyallesu ya shigo da tsohuwar Jincheng AX100, irin mai tuƙa hayaƙin nan, mutumin ransa a ɓace. Wai mashin ɗin a miƙaƙƙen titi ba laifi sosai, amma da ya shiga shataletalen Ƙofar Doka sai ya ƙi kwanciya, yana ta jansa waje sai ya yi da gaske, in ya matsa masa kuma sai ya zube lokaci ɗaya kamar zai kayar da shi da fasinja. Lokacin ba a yi gadar sama a wurin ba. Kuma kun san tun 1972 hannun dama muke bi a Najeriya, duk shataletale hagu ake kwantawa, shi ya sa a nan ciwon yake fitowa fili. Har an ce masa shasi ne ya lanƙwashe, ya rabu da shi kawai ko nawa ne.

Oga ya ce, "Baba zauna tukuna, wa ya auna shasin?" Shiru.

Taya ya fara dubawa. Iskar gaba ta yi ƙasa, wannan kaɗai yana sa kan mashin nauyi. Ta baya kuwa tsakiyarta ta cinye ta zama shafal, gefe da gefe kuma ga tudu, ya kama hannuna ya ɗora a kai ya ce in shafa. Tayar mashin zagayayya ake yinta don ta mirgina a hankali in an kwanta, in tsakiya ta baje to sai ka hau kan wannan tudun kafin ka samu kwana, kana wuce shi kuma ka zube.

Daga nan aka ɗora shi a babbar standa, ya sa ni na danne baya har tayar gaba ta tashi sama. Da yatsa biyu ya riƙa juya kan, dama, hagu, a hankali, ni dai kallo nake ban ga komai ba wallahi, sai da ya karɓi dannewar ya ce in gwada. Daidai tsakiya sai na ji ɗan ƙas, kan ya maƙale sannan ya wuce. Boris ɗin wuya kenan. Da muka kwance, giris ɗin ya bushe ya koma ja saboda tsatsa da ƙura, kofin da ƙwayoyin ke zama a ciki duk ya yi ƙananan ramuka, kowace ƙwaya ta haƙa wa kanta gida. Wani kuma ya taɓa ɗaure notin wuyan tamau don ya kashe girgiza, abin da ya ƙara cinye shi kenan. Har yau wannan ɗabi'ar tana bani haushi a wajen wasu bakanikai, komai ya yi motsi sai dai a ƙara ɗaurewa.

Amma boris da taya ai ba su san hagu da dama ba, me ya sa hagu ta fi? Nan Oga ya aike ni neman igiya. Ya zagayo da ita ta bayan tayar baya, ya miƙo bakin biyu gaba ƙasa-ƙasa suna ɗan taɓa gefen tayar, ya tsuguna ta gaba ya kanne ido ɗaya. Tayar gaba ya kamata ta zauna tsakiyar igiyoyin, sai ga ta ta kusa manne wa ɗaya, ɗayan gefen kuwa yatsu biyu na shiga. Ashe wajen jan ceni, wato sarƙar mashin, gefe ɗaya aka riƙa ɗaurewa, tayar baya ta karkace tana kallon wani wajen daban. Ya girgiza ta gefe da gefe ko bushin ya mutu, babu, ya bi sifok ɗin da sifana yana ƙwanƙwasawa, ƴan kaɗan suka yi muryar sako-sako ya ɗaure su. Shokazoba ba ta yoyo, ya barta.

Rigimar a wajen kuɗi aka yi ta. Dattijon ya yarda da boris, taya kuwa ya ce sai bayan sallah. Oga ya ce, "Baba ba komai, amma ka rage gudu a kwana, kuma kar ka ɗauki mutum biyu." Ni aka tura Sabon Gari siyo boris ɗin da tsohon a aljihu don kar a haɗa ni da wanda ba nasa ba.

Da la'asar muka gama haɗawa, kawai sai Oga ya jefo min makulli ya ce in je Ƙofar Doka in zagaya in dawo in faɗa masa abin da na ji. Ni da mahaifina ya hana hawa mashin, ga shi kuma shagon abokinsa na bakin titin da zan bi. Yadda muka ƙare da shi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.