TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 11: Buhu Bakwai a Bayan Madafi

Makon jiya na tsaya a inda aka kawo ni gidan su Malam, maigidana, na kuma yi alkawarin ba da labarin haihuwata ta fari. Ku yi mini haƙuri, ba shi zan bayar yau ba. Shekaranjiya ina zaune ina cire hancin attaruhu zan yi jajjage, sai maganar nan ta sake faɗo mini a rai, maganar da shekara ashirin da 'yan kai ta ƙi sakina: “Ai ciyawa ce.” In ban fitar da ita ba, ba zan iya wucewa gaba ba.

Kun riga kun san a hannun Iya na tashi, a ƙauyenmu da ke yankin Kadawa. Baba yakan ce kafin a gama madatsar Tiga a 1974 ruwan kanal ya iso wajenmu, da jigo suke ban ruwa a fadama, mutum ya wuni yana ɗaga guga bai jiƙa fangali goma ba. Ni ban riski wannan zamanin ba, na buɗe ido na ga tumatir da albasa da alkama ko'ina da rani. Amma duk da gonakin 'ya'yanta suna bakin kanal, Iya ba ta taɓa yarda a tsinko mata barkono daga gona ba. Nata yana bayan ɗakinta, kusa da inda take alwala: attaruhu gindi huɗu ko biyar, tsiduhu gindi biyu, yakuwa, lalo, da zogale guda jikin danga. Kullum maganarta ɗaya ce: “Wadda ta aika yaro maƙwabta aron barkono, ta aika da sirrin tukunyarta.” Ina yarinya na ɗauka faɗan tsofaffi ne kawai.

Ranar da za a kawo ni Kano, ƙarshen 1997, kowa ya ba ni abin da ya ba ni. Goggo ta ba ni tasa, Inna ta ba ni zannuwa. Iya ta kira ni ƙuryar ɗaki ta damƙa mini wani ƙullin tsumma, ko cikin tafin hannu bai cika ba. Irin attaruhunta ne, cuɗe da toka don kada ƙwaro ya ci. Ta ce, “Ungo, 'yar nan. Birni komai saye ne.”

Haka kuwa na tarar. Gidan babban gida ne, Hajiya da 'ya'yanta uku da matansu, madafi ɗaya, girki kwana bibbiyu. Ni ce ƙarama, don haka abin da ya faɗi ƙasa ni ce mai ɗauka. Da asuba in share tsakar gida tun daga zaure har bakin makewayi, in kwashe tokar jiya, in hura wuta, in ɗora ruwan koko. Kafin hantsi na gama wanke-wanken mutum kusan ashirin. Ranar girkina in yi surfe, in wanke, in shanya, in ba yara su kai niƙa, in tankaɗe, la'asar na yi na ɗora sanwa. Ban taɓa jin nauyin wannan ba, aikin gida ba baƙona ba ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne cefane. A ba ka kuɗi ƙididdigagge, mai kayan miya ya kasa attaruhu uku ya ce kashi ɗaya ke nan, ka ɗora miya ka ji ta lami, sai ka ga Yaya, matar wan Malam, ta leƙa ƙofa ta ce wa yaro, “Je gidan su wance ka ce a sam mana attaruhu biyu.” Ranar da na fara jin haka sai da na ji kamar ni aka tuɓe wa zane.

Filin gidan duk daɓe ne, sai wani ɗan lungu a bayan madafi inda ake jibge itace, rana tana samunsa daga safe zuwa azahar. Na roƙi Hajiya, ta ce in yi abin da na ga dama in dai ba zan tara mata sauro ba. Na samo buhunan siminti bakwai, na wanke, na huhhuda gindinsu, domin attaruhu yana son ruwa amma in ya kwanta masa a saiwa, kwana kaɗan zai yi yaushi ya mutu. Na haɗa ƙasa da yashi kaɗan da busasshen kashin awaki da na roƙo a gidan wata tsohuwa a layinmu. Ɗanyen kashin kaji ba a saka shi, ƙone shuka yake yi, sai ya daɗe ya huce. Irin kuwa a wani fasasshen baho na yafa shi, na rufe da ciyawa. Lokacin hunturu ne, sanyi ya hana shi fitowa da wuri, sai da ya kusa mako uku. Kullum na je na ɗaga ciyawar ba komai. Ranar da na ga sun ɓullo, ganye bibbiyu kamar kunnen ɓera, a tsugune na yi hamdala.

Da suka yi kamar mako shida na dasa su, da yamma, yadda Iya take yi, don su kwana cikin sanyi kafin rana ta gan su. Ruwa kuma fa? Famfon gidan sai ya yi sati bai kawo ba, a wajen 'yan garuwa ake saye, jarka-jarka, kuma ruwan da aka saya da kuɗin maza ba ni da bakin zuba wa shuka. Sai na ajiye tsohon bokiti a bakin ɗakina. A kansa nake alwala sau biyar. Ruwan wankin shinkafa, ruwan ɗaurayar kwanuka na ƙarshe wanda ba sabulu ba maiƙo, duk ciki. Ruwan wanki ban taɓa zuba musu ba. Da wannan bokitin na raine su, buhu bakwai, har bazara ta shigo.

Nan ne na ji Yaya tana ce wa wata baƙuwa, “Amaryarmu ta kawo mana ƙauye har cikin gida.” Na yi kamar ban ji ba.

Bari in ɗan tsallaka, don wani abu ya faɗo mini. Auta ta taɓa tambayata me ya sa ba na barin tattasai kusa da dogon barkono in zan ajiye iri. Iya ce ta koya mini. Ƙudan zuma yana tashi daga wannan fure ya sauka a wancan, 'ya'yan bana ba za ka ji komai ba, amma irin da ka cire ka shuka baɗi sai ka ji tattasanka ya ɗauko yaji. Iya ba ta taɓa shiga aji ba. Kuma iri ba a ɗibarsa a ɗanye, sai wanda ya nuna jawur a jikin uwarsa, a shanya a inuwa. Wannan duk na faɗa wa Auta, ban sani ba ko ta riƙe, hankalinta yana kan waya.

To, Babbar Sallah ta 1998 ta faɗo a watan Afrilu, tsakiyar zafi. A irin wannan lokaci barkono zubar da fure yake yi, ka tashi da safe ka ga farare a ƙasa. Na kafa kara huɗu na ɗora tsohuwar tabarma don ta tare ranar azahar. Da ƙananan ƙwarin nan suka taru a bayan ganye har ya fara nannaɗewa, na daka ganyen darbejiya na jiƙa ya kwana, na tace na yayyafa, na barbaɗa toka. Suka farfaɗo. Furen ya fara kamawa, na ƙirga 'ya'ya kore shar sun fi talatin.

Saura kwana uku Sallah aka kawo ragunan layya biyu aka ɗaure a gindin turke. Ranar na raka Hajiya dubiya. Kafin mu dawo, Yaya ta kwance ragon mijinta wai rana ta dame shi, ta mayar da shi inuwar bayan madafi, ta ɗaure da doguwar igiya. Da na shigo ban ma cire mayafi ba na zagaya. Tabarmar tana ƙasa. Buhu uku a kife. Sauran kuwa sai tsinke, ko ganye ɗaya bai bari ba.

Ban yi ihu ba, ban zagi kowa ba, Allah ne shaidata. Na zo na tsaya a kanta tana tsefe wa 'yarta kai, na ce, “Yaya, rago ya cinye mini shuka.” Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “To Amarya, ai ciyawa ce. In damina ta zo wata za ta fito.”

Rago dabba ne, ban riƙe shi ba. Ita ma da ta ce “ayya, sannu, ban kula ba,” wallahi da ko kwana maganar ba za ta yi ba. Wata huɗu ina tara ruwan alwalata. Ciyawa. Da dare na faɗa wa Malam, ya ce in yi haƙuri zai ƙara kuɗin cefane. Shi ma bai gane ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, ɗan birni ne. Ranar Sallah ni aka ba aikin wanke kayan cikin ragon nan, na wanke tas, na soya, ban kai ko yanka ɗaya bakina ba.

Abin da ban faɗa wa kowa ba a gidan shi ne duk irin na yafa, ban rage ko ƙwaya ba. Na ce in na je gida zan karɓo wani. Daminar shekarar Iya ta rasu, ina da tsohon ciki, ba a bar ni na je ba sai bayan arba'in. Na tarar an rushe dangarta, awaki sun gama da bayan ɗakin.

Amma cikin buhu huɗun da ba su kife ba, ban daina zuba ruwa ba. Na tuna Iya takan datse tsohon attaruhu ya sake tofo, don ba shukar shekara ɗaya ba ce in ta sami kulawa. Na yanke inda ragon ya tattauna, na kewaye da ƙaya. Biyu suka bushe. Biyu suka tofo bayan ruwan farko. Daga waɗannan biyun ne duk attaruhun da ke gidana yau ya fito, shekara bayan shekara, kuma tun daga wannan kakar yarona bai taɓa tsayawa a ƙofar wani da kwano yana neman barkono ba. Da muka tashi muka koma namu gidan, kafin in shimfiɗa gado sai da na zaɓi inda za su zauna. Yajin jegon 'ya'yana mata biyu, da barkonon da na shuka na shanya da hannuna aka daka shi, citta da kanumfari da masoro da kimba kawai na saya.

Sai 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka raɗa wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina. Ƙannena da ke Kadawa sun ce dare ɗaya gona take komawa kamar an bi ta da wuta. Wanda ya je kasuwar 'Yankaba ta Kano a lokacin ya san yadda kayan miya suka zama, ga azumi ya ƙarato. Ni kuwa ina da kauɗar da na yanka na shanya tun lokacin araha, ina da busasshen tattasai rabin buhu, ga attaruhu yana ta nuna a tsakar gida, ga alayyafo, ga yakuwa.

Wata yamma ina kwashe shanya sai ga jikar Yaya, 'yar shekara bakwai ko takwas, da ɗan kwanon silba. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, “Wai in ji Hajiyarmu, in da hali a sam mata attaruhu ko guda biyar.”

Na karɓi kwanon na cika shi har yana zuba. Na ƙulla kauɗa a leda, na yanko alayyafo na ɗora. Da a nan na tsaya da na ji daɗin ba da labarin nan. Amma da na miƙa mata sai na ji bakina ya ce, “Ki ce wa Yaya ga ciyawar nan, damina ta zo ta fito.”

Yarinyar ta dube ni, ta dubi kwanon, ta ce, “To, Umma.” Ba ta san me na ɗora mata ba. Tana fita na zauna a kan turmi jikina ya yi sanyi. Iya ta ce mai aron barkono ta aika da sirrin tukunyarta, kuma sau nawa na ga an aiko wa Iya, ta tsinka ta saka a kwano ta rufe da faifai, ba ta taɓa haɗawa da magana ba. Ni na riƙe rabin maganarta na bar rabin halinta. Wannan yana damuna har yau, musamman da yake ta bakin yarinya na aika.

Yaya ba ta sake aikowa ba. Mun haɗu a biki, mun haɗu a gidan rasuwa, muna gaisawa lafiya lau, har riƙe mini hannu take yi tana tambayar jikoki. Sau biyu na yi niyyar in ce mata ta yafe mini saƙon nan. Duk sanda na buɗe baki sai in ga buhunan nan uku a kife da tabarma a ƙasa, in ji ita ce ya kamata ta fara. Sannu ɗaya nake bin ta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan haihuwar, da yadda Hajiya ta hana a kai ni gida wankan jego.