Godiya bayan kare kundin digirin digirgir

Alhamdulillahi. Jiya da yamma malamai suka amince da kundina, bayan sun shafe awa uku suna yi mini ruwan tambayoyi. Tun daga lokacin wayata ba ta huta ba. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na zo nan in yi godiya.

Da yawanku kun sha tambayata me nake yi duk shekarun nan. Umma ta fi kowa iya taƙaita shi, domin duk wanda ya tambaye ta sai ta ce, "Ai shara take karanta." Kuma ba ta faɗi ba daidai ba. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ƙera furotin dare da rana, tana kuma rushe wanda ya lalace ko ya gama aikinsa. Kafin a rushe shi sai an yi masa shaida: a liƙa masa wani ɗan mitsitsin furotin mai suna yubikwitin, a yi ta ɗorawa har ya zama sarƙa, sannan wata na'ura mai siffar ganga, furotiyazom, ta zuƙe shi ta daddatse. Gano wannan tsari ne ya kai Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose ga lambar yabo ta Nobel a 2004.

Ni kuwa a kan p53 na zauna, furotin da ke taka wa ƙwaya birki idan ta fara kauce hanya, in ta ƙi ji ya sa ta kashe kanta. Ƙwayar cutar HPV, musamman nau'i na 16 da na 18, tana da furotin E6 da ke haɗa baki da E6AP na jikinmu, su yi wa p53 shaida ba gaira ba dalili, a jefa mai gadi kwandon shara. Ta nan sankarar bakin mahaifa ke samun ƙofa.

Farfesa, Allah ya saka miki da alheri. A shekarata ta uku firizarmu mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ta mutu cikin dare, da aikin wata 14 a cikinta. Da safe na tarar da kwalaye sun jiƙe sharkaf, tawadar da na rubuta sunayen samfura da ita duk ta zube. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Ba ki ce mini "yi haƙuri" ba ma. Kika jira na gama, kika ce, "Tashi ki duba abin da Baba ya ceto, gobe ki shuka sababbin ƙwayoyi." A ranar na ji haushinki, yau kam na gode.

Baba mai kula da kayan aikinmu, kai ka ji ƙarar gargaɗin firizar ka dawo da tsakar dare, ka kwashe abin da hannu biyu za su iya ɗauka. Babi na huɗu gaba ɗaya daga kwalayen nan ya fito. Allah ya ƙara girma.

Abokan ɗakin gwaje-gwaje, ku kuka ga ihun da na yi ranar da na toshe furotiyazom da sinadarin MG132, sai ga p53 ya dawo a fim ɗin da ke nuna sakamakon gwaji, ɗan baƙin layi siriri kamar silin gashi. Wata bakwai ina nemansa. Yaya da maigida da yaran da suka saba kwanciya ba ni, Allah ya bar zumunci. Umma, addu'arki ce.

Saura mutum ɗaya, wadda ba za ta ga wannan saƙo ba. Ƙwayoyin HeLa da na yi kusan dukkan gwaje-gwajena da su an ɗebo su ne daga jikin Henrietta Lacks, wata baƙar fata 'yar Amurka, a birnin Baltimore a 1951, ba tare da an nemi izininta ba. Sankarar bakin mahaifa ce ta yi ajalinta a shekarar, tana da shekara 31, ta bar 'ya'ya biyar. Har yau HPV 18 ɗin da ta jawo mata cutar tana cikin ƙwayoyin. Sunanta na sa a shafin sadaukarwa, ƙasa da na Umma.